Yadda malami zai zurfafa darasi saboda ɗalibai masu hazaƙa

Duk malamin da ya daɗe yana riƙe alli ya san wannan yaron, ko wannan yarinyar. Ka rubuta lissafi goma a allo, kafin ka kakkaɓe ƙurar alli daga hannunka an ɗaga hannu daga tsakiyar aji: "Malam, na gama." Ka duba, duk daidai ne. Saura minti ashirin da biyar a buga ƙararrawa, ga yara saba'in da ba su ƙarasa na uku ba.

Abin da akasarinmu muke yi a nan bai wuce uku ba. Ko mu ƙara masa wasu goma irin na farkon, ko mu ce ya tashi ya taimaka wa na kusa da shi, ko mu miƙa masa takarda ya rubuta sunayen masu surutu. Na farkon horo ne, domin yaro yana lura cewa ladan saurinsa ƙarin kaya ne, sai ya koyi jan ƙafa. Na biyun yana da amfani jefi-jefi, amma wanda kullum yana koyar da wasu yaushe shi zai koyi sabon abu? Na ukun kuwa gaba yake haddasawa tsakaninsa da abokansa.

Gwamnatin tarayya tana da makarantar haziƙai a Suleja, jihar Jigawa ma tana da tata a Bamaina. Kujerunsu kaɗan ne. Mafi yawan yaran da Allah ya hore wa kaifin ƙwaƙwalwa suna zaune a ajinmu na yau da kullum, wasu a kan benci, wasu a ƙasa. Saboda malamansu na rubuta wannan jagorar, kuma babu abin da za ta nema a wurinka sai allo, alli, da minti ashirin na shiri kafin ka shiga aji. Maganar duka a kan abu ɗaya take: darasi yana yin gwaɓi ne idan an canja irin tambayar da ake yi wa yaro, yawan tambayoyin kuwa ba ya ƙara masa komai.

Mataki na farko: gano abin da ya riga ya sani

Kafin ka fara sabon babi, ka ba ajin duka 'yar gwaji ta tambaya biyar zuwa takwas a kan abin da za ka koyar nan gaba. Ka gaya musu ba ta maki ba ce, kuma wanda bai sani ba ya bar wurin fili. Ka sa mafi wuyar tambayoyin babin a ciki. Wanda ya ci huɗu cikin biyar ya nuna maka cewa makon da za ka kwashe kana bayani, shi zaman jira zai yi.

Wannan dabara tana da tushe. Joseph Renzulli da Sally Reis na Jami'ar Connecticut a Amurka sun daɗe suna aiki a kanta, kuma binciken da Reis ta jagoranta a 1993 ya nuna malamai sun iya cire kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na abin da ke cikin manhaja ga haziƙan ɗalibansu ba tare da sakamakon yaran ya faɗi ba. Lokacin da aka samu ta wannan hanya shi ne filin da za a shuka sauran abin da ke tafe.

Ka kula da wani abu a nan. Wanda ya fi kowa ɗaga hannu ba lallai ne shi ya fi kowa hazaƙa ba. Akwai yarinyar da ke zaune shiru a kusurwa, an koya mata kunya tun daga gida, ba za ta yi magana a gaban maza ba, amma takardarta za ta ba ka mamaki. Akwai yaron da ya sauke Alƙur'ani a tsangaya ya shigo boko a makare, Turancinsa bai nuna ba, amma idan ka yi masa tambayar da Hausa sai ka ga zurfin tunaninsa. Shi ya sa gwajin a rubuce ya fi, kuma ka yarda a amsa da Hausa idan tunani kake aunawa.

Mataki na biyu: duba aikatau ɗin da ke cikin tambayarka

Ɗauko littafin shirin darasinka na makon jiya, ka ja layi a ƙarƙashin kalmar umarni ta kowace tambaya. Za ka tarar da "lissafo", "ambaci", "kawo ma'anar", "cike gurbi". Duk waɗannan tunawa suke nema. Masanin ilimi Benjamin Bloom da abokan aikinsa sun jera matakan tunani a 1956, aka sake musu fasali a 2001: tunawa, fahimta, aiki da abin da aka koya, tsefe abu a ga sassansa, yanke hukunci da hujja, sannan ƙirƙira. Duk wanda ya bi ta kwalejin horon malamai ya haddace su don jarabawa. Amfaninsu a aji shi ne su zama madubi: a wane hawa tambayoyina suke tsayawa?

Ga misali daga lissafin firamare. Tambayar littafi: fili mai tsawon mita 8 da faɗin mita 4, nawa ne girman cikinsa? Amsa 32, an gama. Ga ta haziƙi: kana da waya mai tsawon mita 24, za ka kewaye wa awaki wuri mai kusurwa huɗu. Yaya za ka tsara shi su samu wuri mafi yalwa?

Zai gwada 10 da 2 ya samu 20. Ya gwada 9 da 3 ya samu 27, 8 da 4 ya samu 32, 7 da 5 ya samu 35, 6 da 6 ya samu 36. Idan ya kawo maka 36 kada ka ce masa madalla ka wuce. Tambaye shi yadda ya tabbata babu wanda ya fi shi. Daga nan ka ce, to idan akwai katangar gida da za ta tsaya a madadin gefe ɗaya fa? Yawancin yara za su ce 8 da 8, wato 64, domin sun ɗauka murabba'i ne ke cin gasa kullum. Amsar kuwa 12 da 6 ce, wato 72. Ɗan sakandare kuma ka ce ya lanƙwasa wayar ta zama da'ira, zai samu kusan 46, sai ka tambaye shi ko wannan yana da alaƙa da yadda ake gina rumbu da bukka a zagaye. Ilimin da ake buƙata bai wuce na babin da kowa yake ciki ba. Abin da ya canja shi ne yanzu dole ya gwada, ya lura, ya yi hasashe, ya kare hasashensa.

Mataki na uku: zaɓi kayan tunani

A shekarun 1990 a jihar Kalifoniya, Sandra Kaplan da abokan aikinta suka tsara wasu kalmomi goma sha ɗaya da malami zai riƙa ɗora wa kowane darasi don ya ƙara masa zurfi da rassa, kowace da 'yar alamarta da ake zanawa. Ban ba ka shawarar ka kwaso su duka a lokaci guda ba. Biyar zan kawo, waɗanda na ga sun fi karɓar irin ajinmu, kuma ko su ɗin ɗaya bayan ɗaya za ka shigo da su.

*Zubi da ƙa'ida.* Tambayar ita ce: me ke maimaituwa a nan, kuma wace doka ce ke ƙarƙashinsa? Darasin jam'i a Hausa ya dace da wannan ƙwarai. Sauran yara suna rubuta jam'in kalmomi ashirin. Shi kuwa ka ba shi waɗannan: mota da motoci, ƙasa da ƙasashe, gida da gidaje, kaza da kaji, ɓarawo da ɓarayi. Ka ce ya dubi baƙin ƙarshe na tilo ya ga abin da ya same shi a jam'i, ya rubuta dokar da kalmominsa. Zai gano t ta koma c, s ta koma sh, d da z sun koma j, w ta koma y, kuma duk a gaban wasalin i ko e abin ya faru. Ka tura shi ya gwada dokar a kan aikatau: sata da saci, gudu da guje, ciza da ciji, rasa da rashi. Ranar da yaro ya gane cewa bakinsa yana bin wata doka tun yana ɗan shekara uku ba tare da kowa ya gaya masa ba, fuskarsa takan canja. Sai ka jefa masa wadda za ta hana shi sakat: me ya sa muke cewa asibiti, ba mu ce asibici ba? Me ya sa tebur bai zama cebur ba? Yanzu dole ya gyara dokarsa, ya yi tunani a kan kalmomin aro da kuma wurin da canjin yake aukuwa a cikin kalma. Wannan aikin masu nazarin harshe ne a jami'a, ga ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare yana yin sa da littafin rubutu ɗaya.

A lissafi ma haka ne. Ya tara 1 da 3, sannan 1 da 3 da 5, sannan ya ƙara 7, ya ƙara 9. Zai ga 4, 9, 16, 25. Ka ce ya faɗi jimlar guda hamsin na farko na irin waɗannan lambobi ba tare da ya tara su ba. Idan ya ce 2,500, ka aike shi waje ya ɗebo tsakuwa ya nuna maka dalili a ƙasa.

*Mahanga daban-daban.* Wane ne yake kallon wannan abu, daga ina yake tsaye, me zai samu ko me zai rasa? A darasin madatsun ruwa littafi zai ce madatsa tana kawo noman rani da ruwan sha. Gaskiya ne. An kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, ta Challawa kuma a 1992, kuma da ruwan Tiga ake noman shinkafa da tumatir da alkama a Kadawa da Kura. Amma kogin bai tsaya a Kano ba. Ya gangara Haɗeja, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da na Jama'are, ya bi ta Yobe har bakin iyakar Nijar wajen Diffa kafin ya kai tafkin Chadi. Da aka tare ruwan, ambaliyar da manoman fadama da masunta da makiyaya suke dogara da ita ta canja, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa.

Ka ba haziƙin aiki ya rubuta abin da mutum huɗu za su ce a gaban hakimi: mai noman rani a Kura, masunci a Nguru, Bafulatani mai shayar da shanu a fadama, da matar aure a birnin Kano mai jiran ruwan famfo. Sharaɗin shi ne kowanne ya fito da hujjarsa mafi ƙarfi, har mai karatu ya kasa gane wanda marubucin yake goyon baya. Wannan sharaɗin ne ke da wuya. Yaro mai kaifin baki ya saba kayar da abokin gardama, bai saba tsayawa a inda abokin gardamar yake tsaye ba. Bayan ya gama sai ka ce, yanzu kai ne mai buɗe ƙofar madatsar, a wane wata za ka saki ruwa, kuma wa za ka ba haƙuri?

*Sauyin zamani.* Yaya abin yake a da, yaya yake yanzu, ina ya dosa? Wannan ba ta buƙatar dogon bayani. Kuɗi daga wuri zuwa anini da sule zuwa naira a 1973 zuwa tura kuɗi ta waya: me ya canja, me ya tsaya yadda yake? Rabi na biyu na tambayar ya fi na farko nauyi.

*Harshen masu fannin.* Kowace sana'a da bakinta. Ka ce wa yaro yau zai yi magana kamar masanin tarihi, don haka ba zai ce "an ce" ya tsaya ba, sai ya faɗi wa ya ce, yaushe, ya gani da idonsa ne ko ji ya yi, kuma me zai sa ya ƙara gishiri. Gwada wannan a kan labarin Bayajida da rijiyar Kusugu a Daura, ba don a rushe labarin ba, sai don yaro ya rarrabe abin da aka gada a baka da abin da aka rubuta a lokacin da abin ya faru, ya kuma tambayi me labarin yake yi wa mutanen da suka riƙe shi. Ga manyan ɗalibai akwai wasiƙun da Muhammadu Bello da Shehu Al-Kanemi na Borno suka yi musaya a kan halaccin yaƙar Borno bayan jihadin 1804. Malamai biyu ne masana, kowanne da hujjojinsa, kuma a rubuce suke.

*Haɗa fanni da fanni.* Me ya sa ruwan randa yake sanyi? Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi. Wannan kimiyya ce ta aji. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya ɗauki wannan sani ya sa tukunya a cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, abin da ya kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Ka tambayi ɗalibinka: wannan tukunya za ta yi aiki a Fatakwal da damina kamar yadda take yi a Dutse da bazara? Dole ya shiga labarin ƙasa ya yi maganar laimar iska. Idan mai sayar da tumatir ta samu kwanaki kafin kayanta su ruɓe, me zai faru da farashin da za ta yarda ta sayar? Ya shiga tattalin arziki ke nan. In akwai tukwane biyu da yashi a kusa, bar shi ya gwada, ya kawo rahoton sati guda.

Akwai kayan aiki na shida da ba mu buƙatar aro daga ko'ina. A zauren karatun ilimi, ɗalibin fiƙihu ya san ba a kawo hukunci sai an tambaye shi hujja, kuma ba a yin ƙiyasi sai an nemo illa, wato dalilin hukuncin, da ta haɗa mas'alar da aka sani da sabuwar. "Mene ne hujjarka?" da "me ya haɗa wannan da wancan?" tambayoyi ne da kunnen yaranmu ya saba da su. Ka shigo da su ajin boko yadda suke.

Mataki na huɗu: rubuta aikin a jimla ɗaya

A nan malamai da yawa suke tuntuɓe. Sun fahimci kayan aikin, amma idan sun zo gaban yaro sai su ce "je ka yi bincike a kan madatsun ruwa". Wannan umarni ba shi da baki ba shi da gindi, abin da zai dawo maka da shi kwafe ne daga littafi ko daga waya.

Jimlar aiki mai kyau tana ɗauke da abu huɗu: irin tunanin da za a yi, abin da za a yi tunanin a kansa, inda za a samo bayani, da abin da za a miƙo a ƙarshe. Misali: "Kwatanta yadda manomin Kura da masuncin Nguru suke kallon madatsar Tiga, ka yi amfani da babi na shida da hira da wani dattijo a unguwarku, ka kawo shafi ɗaya ranar Alhamis." Ko kuma: "Nemo dokar da ke canja baƙi a waɗannan kalmomi goma, ka kawo uku da suka karya ta, ka bayyana wa aji a minti uku."

Idan yaran sun saba, ka riƙa haɗa kayan aiki biyu a jimla guda. Mahanga da sauyin zamani, misali: yadda kaka da jikarta suke kallon wayar hannu, da yadda jikar za ta kalle ta idan ta kai shekarun kakar. Wahalar takan ninka fiye da yadda kake zato, don haka ka fara da guda.

Mataki na biyar: yadda za a yi shi a aji mai cunkoso

Na san abin da ke ranka. Yara tamanin, minti arba'in, ga manhaja tana kora. Ga yadda abin yake yiwuwa.

Ka ja layi a gefen dama na allo ka ware ɗan wuri. A nan kullum za ka rubuta tambaya ɗaya mai zurfi kafin darasi ya fara. Dokar ita ce, duk wanda ya yi uku mafi wuya daga cikin aikin yau ya samu daidai, ya tsallake sauran ya koma gefen dama. Ka lura, duk wanda na ce. Kada ka ambaci sunan kowa, kada ka ware benci ka ce na masu ƙoƙari ne. Ƙofar a buɗe take, kuma za ka sha mamakin waɗanda za su shigo ta cikinta a darasin da ya dace da su. Yaron da ke baya a Turanci yana iya zama na farko a gefen dama ranar lissafi.

Ka yanka kwali ka yi katuna, kowanne da kalma ɗaya da tambayarta: ƙa'ida, mahanga, zamani, hujja, da sauransu. Su zauna a cikin ambulan a kan teburinka. Ranar da ba ka samu shirya komai ba, wanda ya gama ya zaro kati ya ɗora shi a kan darasin ranar.

Sau ɗaya ko biyu a mako ka bar waɗanda suka kai gefen dama su zauna tare, su uku ko huɗu. Haziƙi yana buƙatar wanda zai ce masa "ban yarda ba" kuma ya iya kare maganarsa. Ka ware musu minti biyar daga lokacinka, ko da a ƙarshen darasi ne. Idan ba ka taɓa duba abin da suka yi ba, cikin mako biyu za su gane aikin na kashe lokaci ne su watsar.

Sai batun jira. Mary Budd Rowe ta auna a farkon shekarun 1970 ta ga malamai ba sa jiran da ya wuce kamar daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya, kuma idan suka kai jiran daƙiƙa uku ko fiye amsoshi sukan ƙara tsawo, yaran da ke amsawa su ƙaru. Tambaya mai zurfi tana son fiye da haka ma. Ka yi ta, ka ce kowa ya sauke hannu, ka ƙirga goma a zuciyarka. Wannan yana yi wa mai saurin baki amfani na musamman, domin amsarsa ta farko ba ita ce mafi kyawun da yake da ita ba.

Mataki na shida: abin da za ka ce idan ya kawo amsa

Mu koma kan tambayar kewaye wa awaki wuri. Yarinya ta zo da littafinta ta ce, "Malam, murabba'i ne ya fi."

"Ke kika ce. Ni me zai sa in yarda?"

"Na gwada guda shida, Malam."

"Shida kika gwada. Shida da rabi da biyar da rabi fa?"

Ta koma ta zauna, ta dawo. "Ya ba ni 35 da ɗigo 75. Bai kai ba."

"To kin ƙara guda ɗaya. Akwai hanyar da za ki nuna mini ba sai kin gwada duka ba?"

Ba ka ce ta yi kuskure ba, domin ba ta yi ba, kuma ba ka ba ta amsa ba. Tambayoyin da za ka riƙe a baki kaɗan ne: ta yaya kika sani, kawo misalin da zai karya wannan, idan aka canja kaza me zai biyo baya, wa zai ƙi yarda da ke kuma me zai ce. Wata rana yaro zai yi maka tambayar da ba ka da amsarta a lokacin. Ka ce masa tambaya ce mai kyau, ka rubuta ta a bayan littafin rajista, ku nemo tare. Ajin da ke da jerin tambayoyin da ba a amsa ba tukuna a manne a bango yana koya wa yara cewa ilimi bai ƙare a littafin da ke hannunsu ba, kuma mutuncinka ba ya raguwa da haka.

Ka shirya wa ɓacin rai. Yaron da ya shekara shida yana cin goma bisa goma ba tare da gumi ba, ranar farko da ya kasa warware abu cikin minti biyu yana iya yin fushi, ko ya ce tambayar ce ba daidai ba, ko hawaye su zo masa. Kada ka janye aikin, kada kuma ka kunyata shi a gaban aji. Gaya masa a hankali cewa wannan nauyin da yake ji shi ne abin da 'yan ajinsu suke ji kullum, kuma haka koyo yake. Gara ya haɗu da wannan a hannunka yana ɗan shekara goma sha ɗaya da ya fara haɗuwa da shi a shekarar farko ta jami'a, inda babu mai lura da shi.

Mataki na bakwai: maki, yabo da iyaye

Kada aikin gefen dama ya jawo wa yaro asarar maki. Idan ya nuna ya iya abin da manhaja ta nema, makinsa na wannan babi ya tabbata. In ba haka ba, duk mai wayo zai zaɓi aiki mai sauƙi ya tsira da matsayinsa na ɗaya. A kan aikin mai zurfi ka rubuta masa jimla biyu da jan biro: abu ɗaya da hujjarsa ta yi ƙarfi a kai, da tambaya ɗaya da bai amsa ba.

Wajen yabo, ka rage "kai ai gwani ne". Claudia Mueller da Carol Dweck sun nuna a 1998 cewa yaran da aka yaba wa basirarsu sun fi gudun aiki mai wuya daga baya, kuma sun fi saurin karaya idan sun kasa, fiye da waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. Ka yabi abin da ya yi: "Na ga ka canja hanya da ta farkon ta toshe." Mu da muke tsoron baki da kambun baka a kan yaranmu, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Iyaye za su tambaya, musamman idan jarabawar WAEC ko NECO ta ƙarato. Wani uba zai ce, "Malam, yaron nan tsakuwa na ga yana jerawa, 'yan'uwansa suna bitar tambayoyin baya." Ka nuna masa takardar gwajin farko da yaron ya cinye, ka nuna masa babin da aikin ya fito daga ciki. Ka sanar da shugaban makaranta tun kafin ka fara, ka kuma rubuta tambayar gefen dama a cikin shirin darasinka domin mai duba makarantu ya gan ta a rubuce.

A mako na farko kati ɗaya kawai za ka fitar, na hujja, ka yi amfani da shi da ajin duka a kowane darasi har yara su fara tambayar junansu da kansu. Mako na biyu ka ƙara na ƙa'ida, ka buɗe gefen dama na allo. Mahanga ta jira mako na uku ko na huɗu. Wajen tsakiyar zango sai ka juya aikin: ranar Alhamis ka gaya wa waɗanda suka saba zuwa gefen dama babin da za a shiga ranar Litinin, ka miƙa musu ambulan ɗin katunan, kowanne ya zo da tambaya ɗaya da yake ganin ta isa a rubuta a allo. Ka zaɓi guda, ka rubuta ta da sunan mai ita a ƙasa, sauran ka adana su don makonnin gaba.